Jirgin Mungo Park da Waɗanda Suka Bi Sawunsa

Cikin watan Nuwamba na 1805 Mungo Park ya tashi daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, a cikin wani jirgin ruwa da ya harhaɗa daga kwale-kwale biyu, tsawonsa kimanin ƙafa 40, ya sa masa suna Joliba, wato sunan da Mandingo ke kiran Kwara da shi. Daga cikin Turawa fiye da 40 da suka baro Gambiya, biyar kaɗai suka shiga jirgin. Zazzaɓi da atuni sun cinye sauran. Tare da su akwai bayi uku da tafinta, Amadi Fatuma. A farkon 1806 suka iso Yawuri, inda Amadi ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Jirgin ya gangara Busa, ya maƙale a duwatsun cikin kogi, Turawan suka halaka.

Labarin da Ingila ta fara samu ya biyo doguwar hanya. Cikin 1810 aka aiki Isaaco, tsohon jagoran Park, ya nemo Amadi. Shi kuwa Amadi ba a gabansa abin ya faru ba, daga bakin bawan da ya tsira ya ji. An rubuta bayanin da Larabci, sa'an nan aka juya shi zuwa Ingilishi. Bisa ga wannan ruwaya, wani hakimi ne ya danne kyautar da Park ya bayar a kai wa sarki, sarki ya fusata, ya tura mayaƙa suka tare mashigin. Ruwayar da ta ratsa baki uku da harsuna aƙalla biyu ita ce littattafan makaranta suka daɗe suna maimaitawa tamkar shaidar gani da ido.

Hugh Clapperton ya tambayi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zancen a Sakkwato cikin 1824, ya kuma isa Busa da kansa cikin 1826, aka nuna masa wurin. Wata ruwayar da aka samu a yankin ta ce mutane sun ɗauki baƙin a matsayin 'yan gaban rundunar Fulani. Wannan bayani ya fi dacewa da zamanin. Shekara biyu ke nan da fara jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kowane gari na bakin kogi yana cikin ɗarɗar. Bugu da ƙari, Park ya taho yana buɗe wa duk jirgin da ya kusance shi wuta, bai tsaya biyan kuɗin fito ba, abin da Heinrich Barth ya tarar Buzaye ba su manta ba bayan kusan shekara 50. Mutumin da ya shigo ƙasa a haka, ba tafinta, ba sallama, da wuya a karɓe shi da ruwan sha.

Richard Lander da ƙanensa John sun iso Busa cikin Yuni 1830, suna neman littafin tafiyar Park. Abin da aka fito musu da shi wani littafin lissafi ne na matuƙan jirgi. Suka haura Yawuri, suka shafe fiye da wata guda suna jiran takardun da aka ce suna fada, suka dawo hannu rabbana. Har yau ba a ga littafin ba.

Akwai mutum guda da ya cancanci kulawar masu nazarin Hausa a nan, shi ne Abubakar, Bagobirin da Turawa ke kira William Pascoe. An sayar da shi bawa, ya sami 'yanci, ya yi aiki a jiragen yaƙin Ingila, daga baya ya yi wa Clapperton tafinta, ya kuma yi wa su Lander. Busa ba ƙasar Hausa ba ce, tana da harshenta, amma Hausa ce harshen fatauci a hanyar Gwanja da ta ratsa Borgu. Ashe ke nan da yawa daga abin da Turawan suka rubuta a matsayin maganar sarakuna da masunta, da Hausa aka faɗe shi, ta bakin irin su Abubakar ya wuce. Duk mai auna waɗannan ruwayoyi ba tare da lura da wannan matakin fassara ba, ya tsallake rabin aikin.

A ƙarni na 20 Kenneth Lupton ya sake bin diddigin al'amarin, ya gwada rubuce-rubucen matafiya da yanayin kogin, ya fitar da littafinsa a kan Park cikin 1979. Mahdi Adamu kuma ya nazarci tarihin Yawuri na ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke haska yanayin siyasar da jirgin ya faɗa ciki. Sai dai damar duba wurin da ido ta wuce. Da aka kammala madatsar Kainji cikin 1968, tafki ya shanye tsohuwar Busa da duwatsun da jirgin ya maƙale, aka kwashe mutanen garin zuwa Sabuwar Busa.