Tarihin Katin Shaida a Potiskum

Shaidar mutum a Potiskum ta girmi takarda. A zamanin da, tsagar fuska da harshe su ne ke nuna ko mutum Bangizime ne, ko Bakarkare, ko Babole, ko Bafulatani. Baƙo kuwa mai masaukinsa ne shaidarsa: bulama ya san wanda ya sauke shi, lawani ya san bulama. A kasuwar shanu, wadda take cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, dillali ne ke tsaya wa mai saye da mai sayarwa, idan saniya ta zama ta sata shi za a fara tuhuma.

Takardar shaida ta shigo ne tare da mulkin Turawa. Rasidin haraji da na jangali su ne shaidar farko da talaka ya riƙa yawo da ita a aljihu, musamman bayan da aka dawo da fadar Masarautar Fika zuwa Potiskum a 1924, garin ya zama cibiyar mulki. Rasidin ba shi da hoto, don haka aronsa ba wuya.

Katin ɗan ƙasa ya daɗe yana tafiyar hawainiya. An yi dokarsa a 1979, amma sai a 2003 aka yi rajistar gama-gari ta hannun kamfanin Sagem na Faransa, aikin da ya ƙare da shari'ar cin hanci, mutane da yawa kuma ba su taɓa karɓar katinsu ba. A 2007 aka kafa hukumar NIMC, wadda ta ɓullo da lambar NIN mai alƙaluma 11. BVN ta bankuna ta biyo baya a 2014, sai katin zaɓe na dindindin da na'urar tantance shi a zaɓen 2015.

Abin da ya mayar da kati dole a Potiskum shi ne rikicin Boko Haram. Bayan dokar ta-ɓaci da aka sa wa Borno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, shingayen bincike suka yawaita a hanyoyin Damaturu da Azare da Bauchi. Akan sauke fasinjoji, kowa ya nuna katinsa. Manomi da makiyayi da almajiri, waɗanda ba su taɓa bukatar kati ba, su suka fi shan wuya. Daga nan katin ƙungiya da na makaranta da na wurin aiki suka yi daraja, kuma tunda kowane shagon kwamfuta na iya buga irinsu, na gaske da na bogi suka cakuɗe. Jami'in da ke kan shinge ba shi da kundin da zai duba, idonsa kawai yake dogaro da shi.

Ranar 10 ga Nuwamban 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a wajen taron safe na sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke garin, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Rahotanni sun nuna cewa kayan makaranta ya sa ya saje da su. Alamar da ake gane ɗan gida da ita, ita ce ta ba shi hanya.

A Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da NIN, abin da ya mayar da nauyin shaida kan lambar da ke ajiye a kundin hukuma tare da hoton yatsu. NIMC ta kuma gargaɗi jama'a cewa katin roba da shaguna ke bugawa daga takardar NIN ba nata ba ne. Duba kati yana da amfani idan akwai inda za a tabbatar da shi, kamar a banki ko rumfar zaɓe. Ko a can ma, suna da kamanni yake tabbatarwa, ba ya bayyana niyyar mai riƙe da shi.