Kiran Bidiyo da Tafinta ta Waya: Yadda Kurame Ke Buga Waya da Maganar Hannu

Tafinta ta waya tsari ne na sadarwa da ke bai wa kurma damar kiran mai ji, ko mai ji ya kira kurma, ta hanyar sanya mutum na uku a tsakaninsu wanda ya iya maganar hannu, ya kuma iya maganar baka. Kurman yana ganin tafintan a fuskar wayarsa, yana yi masa magana da hannu. Tafintan yana faɗa wa wanda aka kira saƙon da murya, sannan ya mayar wa kurman amsa da hannu. A Amurka ana taƙaita sunan wannan hidima da VRS. Ta bambanta da kiran bidiyo na yau da kullum, wanda kurame biyu ke yi kai-tsaye ba tare da kowa a tsakani ba. Kiran kai-tsaye ya riga ya isa hannun duk wanda ke da babbar waya da data. Hidimar tafinta kuwa ƙasashe kaɗan ne suka kafa ta, domin tana buƙatar doka da kuɗi da ƙwararrun mutane.

Asalin matsalar

Alexander Graham Bell, wanda ya sami lasisin ƙirƙirar wayar tarho a 1876, malamin kurame ne, kuma matarsa Mabel kurma ce. Duk da haka na'urar da ya bar wa duniya ta shafe kusan shekara 90 ba ta da wani amfani ga wanda ba ya ji. Sai a 1964 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Weitbrecht, wanda shi ma kurma ne, ya ƙera abin da ke haɗa injin buga rubutu da layin tarho. Daga nan aka sami na'urar da ake kira TTY: mutum ya buga rubutu, ya bayyana a na'urar wanda ya kira.

Da yake shago da asibiti da ofis ba su da irin wannan na'ura, sai aka soma samar da masu shiga tsakani, waɗanda ke karanta rubutun kurma ga mai ji, su kuma buga masa amsar. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da Amurka ta yi a 1990 ta wajabta wa kamfanonin waya samar da wannan hidima, kuma har yau ana samun ta a can ta lambar 711. Birtaniya ma tana da irinta, wadda yanzu ake kira Relay UK.

Rubutu ya rage matsalar, amma bai kawar da ita ba. Maganar hannu harshe ce mai zaman kanta, da nahawunta da tsarin jimlarta, kuma ga wanda aka haifa kurma ko ya kurumce yana ƙarami, ita ce harshensa na farko. Turanci ko Hausar da yake rubutawa harshe na biyu ne, wanda ya koya ba tare da ya taɓa jin sautinsa ba. Ga kuma jinkiri: hirar da za a gama cikin minti biyu da baki takan ɗauki ninkin haka sau da yawa idan ana bugawa ana jira. Wanda bai yi karatun boko ba kuwa, hidimar rubutu ba ta shafe shi ba sam.

Abin da maganar hannu ke buƙata daga bidiyo

Ba kowane bidiyo ne ke iya ɗaukar maganar hannu ba. Mai ji yana iya ci gaba da hira ko da hoton ya daskare, muddin murya na fita. Ga kurma, hoton shi ne muryar. Idan ya tsaya na sakan ɗaya, kalma biyu ko uku sun ɓace.

Ma'ana a wannan harshe ba a hannu kaɗai take ba. Ɗaga gira kan mayar da magana ta zama tambaya, girgiza kai kan kore ta, motsin baki da inda ido ya kalla kan nuna wanda ake nufi ko girman abin da ake faɗa. Akwai kuma rubuta sunaye da yatsu harafi bayan harafi, wanda ƙwararru ke yi da sauri ƙwarai. Saboda haka ne Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta ba da shawarar cewa bidiyon maganar hannu ya riƙa nuna hoto 20 ko fiye a kowane sakan, kodayake ana iya lallaɓawa da 12. Ƙasa da haka, sai yatsu su riƙa tsallake haruffa.

Wayoyin 3G, waɗanda suka fara aiki a Japan a 2001, sun sanya kiran bidiyo a aljihun mutane. Hotonsu ƙarami ne, kuma dishi-dishi, har yawancin masu ji suka gwada suka watsar. Kuramen Suwidin kuwa sun rungume shi hannu bibbiyu, suka koyi rage saurin hannu da matso da shi kusa da fuska don ya shiga cikin allon. A Jami'ar Washington ta Amurka, masu bincike sun yi wani aiki mai suna MobileASL, inda suka tsara manhajar da ke ba fuska da hannuwa fifiko wajen tsabtar hoto, ta rage wa bango da sauran jiki, don bidiyon ya iya tafiya a kan sabis mai rauni. Sauyi na gaske ya zo da kyamarar gaba da intanet mai ƙarfi: FaceTime a 2010, sannan kiran bidiyo na WhatsApp a ƙarshen 2016, wanda ya kai abin ga masu wayoyin Android masu araha a Afirka da Asiya.

Har yanzu akwai ƙananan wahalhalu da mai ji ba ya lura da su. Hannu ɗaya na riƙe da waya, alhali kalmomi da yawa hannu biyu suke so. Shi ya sa za ka ga kurma ya jingina wayarsa da kofi ko bango kafin ya fara magana. Dole haske ya kasance a gabansa, domin idan taga tana bayansa fuskarsa duhu za ta yi. Da dare, in babu wuta, babu kira. Bidiyo kuma yana cin data da caji fiye da murya nesa ba kusa ba, wanda ke nufin kurma yana biyan kuɗi fiye da maƙwabcinsa a kan hira iri ɗaya.

Yadda kiran ke gudana

Kurma ya buɗe manhajar, ya danna lambar wanda yake nema, a ce likita ko banki. Kiran ya fara zuwa wurin tafinta, wanda ke zaune gaban kyamara da abin saurare a kunne, galibi sanye da tufafi marasa zane don hannuwansa su fito sosai. Tafintan ya buga wa likitan, ya shaida masa cewa kira ne daga mai amfani da maganar hannu, daga nan hira ta kankama. Idan mai ji ne ya fara kira, lambar kurman kawai zai buga, tsarin ya bi da shi ta wurin tafinta da kansa.

Tafinta yana magana ne da bakin mai kiran. Idan kurman ya ce kansa na ciwo, tafintan zai ce “kaina na ciwo”. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya ba da shawara, kuma ƙa'idar aikin ta hana shi bayyana wa kowa abin da ya ji. Wannan sharaɗi na riƙe sirri shi ne ginshiƙin hidimar baki ɗaya, domin ta nan ake faɗin sakamakon gwajin jini, da lambar asusu, da rikicin aure. Abin da ake so daga mai ji shi ne ya yi wa kurman magana kai-tsaye, ya daina cewa “gaya masa”, ya kuma yi haƙuri da ɗan shirun da ke biyo bayan kowace jimla. Ƙorafin da kurame suka fi yi a ƙasashen da ke da tsarin shi ne yadda ake katse musu kira tun kafin a fara, a zaton ’yan talla ne ko ’yan damfara.

Akwai wata hidima makamanciyar wannan da ake yawan rikita su. Ita ce wadda kurma da mai ji suke ɗaki ɗaya, kamar a gaban likita ko a ofishin ’yan sanda, tafinta kuma yana nesa, ana ganinsa a kwamfuta ko waya. Wannan, hukumar da ta karɓi baƙon ce ke biya. Tana da amfani inda tafinta ya yi nisa, amma ba ta maye gurbin wanda ke tsaye a wurin ba, musamman ga mace mai naƙuda ko majinyacin da ba zai iya kallon allo ba.

Wa ke biya

Suwidin ce ta fara mayar da tafinta ta bidiyo hidimar gwamnati, a 1997. A Amurka an fara gwaji a jihar Texas a tsakiyar shekarun 1990, hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta amince da tsarin a shekarar 2000, ya kuma bazu a faɗin ƙasar daga 2002. Kurma ba ya biyan kuɗin tafinta. Kamfanonin waya ne ke zuba kuɗi a wani asusu, daga cikinsa ake biyan kamfanonin tafinta, irin su Sorenson da Convo, gwargwadon mintocin da suka yi aiki. Ƙa'ida ta ce su yi aiki dare da rana, su kuma amsa kashi 80 cikin 100 na kiraye-kiraye cikin minti biyu.

Biya bisa minti ya zo da nasa cikas. A 2009 hukumomin Amurka sun gurfanar da mutum 26 bisa zargin shirya kiraye-kirayen bogi don karɓar kuɗi daga asusun, abin da ya sa aka tsaurara rajista da bincike. Duk ƙasar da ke shirin kwaikwayon tsarin, ya kamata ta karanta wannan babi tare da na nasarorin.

Kanada ta buɗe tata hidimar a watan Satumban 2016, da harsunan hannu biyu, na yankin masu Turanci da na yankin masu Faransanci. Japan ta fara a watan Yulin 2021, tana tara kuɗin ta wani ɗan ƙaramin caji da ake ɗora wa kowace lambar waya. A Ingila lamarin ya rarrabu: bankuna da ma'aikatu ne ke ɗaukar kamfanonin tafinta don masu hulɗa da su, wato kurma zai iya kiran bankin da ya yi rajista, amma ba lallai ya iya kiran makanikinsa ba.

Kiran gaggawa ne ya fi tayar da hankali, domin a nan minti ɗaya rai ne. Daga ƙarshen 2008 Amurka ta bai wa masu amfani da hidimar lambobin waya na yau da kullum tare da adireshin da suka yi rajista da shi, don a san inda za a tura agaji. Birtaniya ta ƙaddamar da 999 BSL a watan Yunin 2022, inda kurma ke danna maɓalli ɗaya ya sami tafinta da zai haɗa shi da ’yan sanda, ko ’yan kwana-kwana, ko motar asibiti, kyauta.

Ana ta ƙoƙarin ƙera manhajojin da za su fassara maganar hannu ba tare da mutum ba, har da safar hannu mai na'ura da mutum-mutumin kwamfuta mai motsa hannu. A 2018 Ƙungiyar Kurame ta Duniya da ƙungiyar tafintocin maganar hannu ta duniya sun yi gargaɗin kada a sa irin waɗannan a madadin tafinta a al'amura masu muhimmanci.

Halin da ake ciki a Najeriya

Ƙungiyar Kurame ta Duniya ta ƙiyasta cewa akwai kurame sama da miliyan 70 a duniya, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu tasowa, suna amfani da harsunan hannu sama da 300. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar haramta nuna musu wariya, aka kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu a 2020. Dokar ta buƙaci asibitocin gwamnati su tanadi hanyar sadarwa ta musamman ga majinyacin da ke da matsalar ji ko magana.

A aikace, kiran bidiyo tsakanin kurma da kurma ya zama ruwan dare a biranen ƙasar. Inda gizo ke saƙar shi ne idan ana son magana da mai ji. A nan galibi ɗa ne, ko ƙane, ko aboki ke zama tafinta, a kira shi ta WhatsApp a miƙa wa ma'aikacin asibiti wayar. Taimako ne, amma yana nufin uwa za ta faɗi ciwon da take ɓoyewa ta bakin ɗanta mai shekara 12. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, ita ma ana buga ta ne a yi magana da murya.

Ko da an samu kuɗin kafa hidimar, akwai tambayar harshe. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ta samo tushe daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan mishan kuma kurma, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Da ita ake horar da malamai da tafintoci a wurare irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, kuma ita ake gani a kusurwar allon talabijin lokacin labarai. A ƙasar Hausa kuwa akwai maganar hannu ta gargajiya da ta girmi makarantun, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta kuma wallafa littafi a kanta a shekarar 2000. Dattijon kurma a Kano wanda bai shiga makaranta ba, da wannan yake magana, kuma tafintan da ya koyi ta makaranta kaɗai zai sha wuya kafin ya gane shi. Cibiyar tafinta da za ta yi wa Arewa aiki tana buƙatar mutanen da suka iya harsunan hannun biyu, suka kuma iya Hausa da Turanci na baka, a same su a kan aiki ko da ƙarfe biyun dare ne aka kira.