Iraki: Manufar kare lafiyar jama'a daga gurɓatar muhalli bayan yaƙe-yaƙe

Ƙasar Iraki ta shafe kusan shekaru arba'in tana fita daga wannan yaƙi tana faɗawa wancan: yaƙinta da Iran daga 1980 zuwa 1988, da yaƙin Tekun Fasha na 1991, da mamayar da Amurka ta jagoranta a 2003, sannan faɗan da aka gwabza da ƙungiyar IS daga 2014 zuwa 2017.

Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar guba a ƙasa da ruwa da iska. Hukumomin Bagadaza sun kafa dokoki da ma'aikatu domin shawo kan matsalar, amma aiwatar da su ne ya zamo babban ƙalubale.

Abin da yaƙe-yaƙen suka bari

A watan Afrilun 2003, bayan faɗuwar gwamnatin Saddam Hussein, an wawashe cibiyar nukiliya ta Tuwaitha da ke kudu da Bagadaza. Mazauna ƙauyukan yankin sun zubar da garin uraniyam da ke cikin ganguna, suka kwashe gangunan zuwa gida suna ajiye ruwa da abinci a ciki, ba tare da sanin haɗarinsu ba.

A 2005 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto kan wurare biyar masu haɗari, ciki har da wani rumbun magungunan ƙwari a Suwaira da masana'antar farar wuta ta Mishraq.

Ita wannan masana'anta mayaƙan IS sun cinna mata wuta a watan Oktoban 2016, inda ɗaruruwan mutane suka nemi magani saboda sarƙewar numfashi. Haka kuma sun banka wa rijiyoyin mai na Qayyara wuta, kuma ba a kashe ta ƙarshe ba sai a watan Maris na 2017.

Akwai kuma batun harsasan da aka ƙera da ragowar uraniyam, waɗanda sojojin Amurka da na Birtaniya suka harba a 1991 da 2003. Likitoci a Basra da Falluja sun yi ta kokawa kan yawan cutar daji da haihuwar jarirai da nakasa. Wani binciken ma'aikatar lafiya ta Iraki da aka yi da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka bayyana a 2013, ya ce babu wata hujja bayyananna ta ƙaruwar nakasar, amma wasu masana sun soki yadda aka gudanar da shi.

Dokoki da hukumomi

A 2003 ne aka kafa ma'aikatar muhalli mai zaman kanta a karon farko. Sashe na 33 na tsarin mulkin 2005 ya ba kowane mutum haƙƙin rayuwa a muhalli mai tsafta, ya kuma ɗora wa gwamnati nauyin kare shi.

Ginshiƙin manufar ƙasar shi ne doka mai lamba 27 ta 2009. Dokar ta tilasta tantance illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, ta haramta zubar da dagwalo da gurɓataccen ruwa cikin koguna, ta kuma tanadi asusun kare muhalli da 'yan sandan muhalli, da majalisu a larduna ƙarƙashin jagorancin gwamnoni. Daga baya aka tsara shirin ƙasa na shekarun 2013 zuwa 2017.

Sai dai shirin ya zo daidai da ɓarkewar yaƙi da IS da kuma faɗuwar farashin mai. A watan Agustan 2015 Firaminista Haidar al-Abadi ya haɗe ma'aikatar muhalli da ta lafiya domin rage kashe kuɗi, matakin da masu suka suka ce ya raunana ɓangaren muhalli. An sake raba su daga baya, kuma a 2022 aka naɗa ministan muhalli na daban.

Darasin Basra

Abin da ya faru a Basra a 2018 shi ya fi bayyana giɓin da ke tsakanin doka da aiki. Birnin ya dogara ne ga kogin Shatt al-Arab, inda Dijla da Furat suke haɗuwa. Da ruwan kogunan ya ragu, sai ruwan gishiri daga teku ya kutso, ya haɗu da ƙazantar magudanai da ta masana'antu.

Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce aƙalla mutane 118,000 ne aka kai asibitoci da ciwon ciki da amai da gudawa da ƙuraje. A watan Satumba masu zanga-zanga suka ƙone gine-ginen gwamnati da ƙaramin ofishin jakadancin Iran.

A rahotonta na 2019 ƙungiyar ta ce hukumomi ba su gargaɗi jama'a kan lokaci ba, kuma ba su bayyana sakamakon gwajin ruwan ba. Ta kuma nuna cewa alhakin ruwan ya warwatsu tsakanin ma'aikatun albarkatun ruwa da ayyukan birane da lafiya, da kuma gwamnatin lardi, ta yadda kowa ke ɗora laifi a kan wani.

Abin da ya rage

Har yanzu Iraki na cikin ƙasashen da suka fi fama da nakiyoyi da aka binne, duk da cewa ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta haramta su a 2007. Tana kuma sahun gaba a duniya wajen ƙona iskar gas a filayen mai, musamman a lardin Basra, inda mazauna kusa da filayen ke shaƙar hayaƙin dare da rana. Cutar kwalara ta ɓarke a 2007 da 2015 da 2022.

A 2021 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Masu lura da al'amura na cewa Iraki ba ta rasa dokoki ba, abin da take buƙata shi ne kuɗi da ƙwararrun ma'aikata, da dakunan gwaji, da kuma sanar da jama'a gaskiyar abin da ke cikin ruwan da suke sha.