Tarihin Rarrabe Tsuntsayen Magfai Masu Baƙi da Fari

Magfai tsuntsu ne mai doguwar wutsiya, baƙi da fari, ɗan dangin hankaka, wanda ke zaune daga Turai da Arewacin Afirka har gabashin Asiya da yammacin Amurka ta Arewa. A 1758 Carl Linnaeus ya sa shi cikin hankaki da sunan Corvus pica, sai a 1760 Mathurin Brisson na Faransa ya ware masa rukuninsa, Pica. Daga nan masana suka daɗe suna bin launi, kuma launin ya sha ɓatar da su. Duk magfai mai baƙin baki, ko a Ingila yake ko a Koriya ko a Kanada, an ɗauke shi reshen jinsi ɗaya, Pica pica. Mai rawayen baki na Kalifoniya kaɗai, Pica nuttalli, wanda Audubon ya bayyana a 1837, aka bar wa matsayinsa, don bambancinsa ido na gani.

Binciken ƙwayoyin gado ya rusa wannan tsari. Ya nuna cewa mai baƙin baki na Amurka, Pica hudsonia, ya fi kusa da maƙwabcinsa mai rawayen baki fiye da na Turai da suke kama kamar an tsaga kara. A 2000 ƙungiyar masana tsuntsaye ta Amurka ta raba shi da na Turai. Bayan wani babban nazari a 2018 aka ƙara ware huɗu: na Magrib mai shuɗiyar fata tsirara a bayan ido, na tsaunukan Asir a Saudiyya, na tudun Tibet, da na gabashin Asiya. Jimla bakwai ke nan.

Masu suka suna cewa wannan yawaita suna ne kawai, kuma yawancin hujjar ta fito daga ƙwayoyin da ake gada ta wajen uwa, waɗanda ba sa ba da cikakken tarihin zuriya. Sukar tana da nauyi, domin har yau masana ba su haɗu a kan ma'anar jinsi ɗaya ba. Amma hujjar ba ta tsaya ga ɗakin gwaji ba. Kukan magfai na Amurka da halayensa sun fi kama da na ɗan Kalifoniya, kuma hamada mai faɗi ta raba na Asir da sauran dangi, ba ya cuɗanya da kowa. A nan ware shi da masana suka yi ya yi amfani a fili: muddin ana kiransa reshen tsuntsun da ya cika Turai, ƙarancinsa ba ya tayar da hankalin kowa. Da aka ba shi suna Pica asirensis a matsayin jinsi, sai ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa, domin 'yan ɗaruruwa ne suka rage a dazuzzukan tsaunin da ke ta raguwa.