Hamsu Garba: Daga Dandalin Samariya Zuwa Gidan Kaso

Ƴan'uwa ɗalibai, in an zo darasin tarihin Nijar a lakwal, sunayen shugabanni kawai ake jero mana: Diori, Kunce, Ali Shaibu. To ni mawaƙiya na kawo muku, don wanda ya bi rayuwar Hamsu Garba zai ga yadda waƙa da mulki suka yi zaman doya da manja a ƙasar nan.

An haife ta a Maraɗi a 1958. Tana budurwa Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori, ran 15 ga Afrilu 1974. Da sojoji suka hana jam'iyyun siyasa, sai suka farfaɗo da samariya, ta zama hanyarsu ta isa ga talakawa. Kowace unguwa da ƙungiyarta, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo, waɗanda suka yi zarra a kai su bikin matasa na ƙasa. A irin wannan dandali Hamsu ta yi suna, a zamanin da iyaye da yawa ke ganin abin kunya ne ɗiya mace ta hau dandali. Amma fa kowa ya san sharaɗin: a yabi ƙasa, a yi kiran haɗin kai da aikin gayya, kada a taɓa masu mulki.

Kunce ya rasu a 1987, aka yi taron ƙasa a 1991, jam'iyyu suka yawaita, samariya ta watse. A shekarar ne aka kafa ƙungiyar Annashuwa, Hamsu na cikin waɗanda suka kafa ta. Sai dai kundinsu na farko, Gargaɗi, bai fito ba sai 2008. Shekara 17 ke nan! Mawaƙin da babu mai zuba masa jari, abincinsa na wurin biki da taron siyasa, dole ya zaɓi ɓangare. Ita Hama Amadu ta zaɓa.

Gab da zaɓen 21 ga Fabrairu 2016, Hama na takara daga kurkukun Filinge. Hamsu ta kamanta shi da Mandela a waƙa, aka kama ta bisa zargin tunzura jama'a, ta yi kwanaki a gidan kason Yamai. Mu ƴan Diffa mun tuna lokacin sarai: dokar ta-ɓaci tun 2015, an hana hawa babur, manoman tattasai na bakin Komadugu sun baro gonakinsu sun yi bukkoki a gefen kwalta. Duk da wannan yaƙi, hukuma ta samu lokacin jin tsoron waƙar mace guda.

Ban ce a maida ta waliyyiya ba. Ta yi wa mulki waƙa, ta yi wa adawa, kuma akwai masu ganin ta yi son kai. Amma shi ya sa waƙoƙinta suka zama shaida a kan zamani biyu. Allah ya yi mata rasuwa ran 5 ga Disamba 2022.

Yanzu saura mu. A Diffa, Maine-Sorowa da Ngigmi akwai iyayenmu mata da suka yi samariya, da Barbarci da Hausa, waƙoƙinsu na cikin kawunansu kaɗai. Kowa da waya a aljihu. A je a gaishe su, a roƙe su su rera, a ɗauka tun suna raye.