Cibiyar global dis:connect: Nazarin haɗuwa da yankewar sassan duniya

Cibiyar global dis:connect wuri ne na bincike mai zurfi da ke Jami'ar Ludwig Maximilian a birnin Munich na ƙasar Jamus. Ta fara aiki a shekarar 2021 da tallafin gwamnatin tarayyar Jamus, a ƙarƙashin jagorancin malamai uku: Roland Wenzlhuemer masanin tarihi, da Burcu Dogramaci masaniyar tarihin zane-zane, da Christopher Balme masanin wasan kwaikwayo.

Tana cikin jerin cibiyoyin da aka raɗa wa sunan Käte Hamburger (1896–1992), masaniyar adabi Bayahudiya wadda mulkin 'yan Nazi ya tilasta wa gudun hijira zuwa Suwidin, ba ta koma Jamus ba sai a 1956.

Ginshiƙin aikin cibiyar shi ne cewa dunƙulewar duniya ba haɗuwa ba ce zalla. Duk hanyar da ta sada wasu, takan bar wasu a baya, kuma wadda aka dogara da ita tana iya yankewa. Saboda haka masu binciken ke mai da hankali kan abubuwa uku: rashi, da zagaye, da katsewa.

Mashigin ruwan Suwes misali ne. Buɗe shi a 1869 ya rage nisan tafiya tsakanin Turai da Asiya. Amma rufe shi daga 1967 zuwa 1975 ya tilasta wa jiragen ruwa zagayawa ta kudancin Afirka, yayin da wasu 15 suka maƙale a cikinsa tsawon shekara takwas. A watan Maris na 2021 ma, jirgin Ever Given ya tokare shi na kwana shida.

A kowace shekara cibiyar tana karɓar baƙin masana daga ƙasashe dabam-dabam, su zauna na wasu watanni suna bincike. Tana kuma gayyatar masu fasaha, domin hoto da fim da wasan dandali kan bayyana abin da takardun tarihi suka yi shiru a kansa, kamar halin ɗan gudun hijirar da aka tsayar a bakin iyaka.

Muhimmancin wannan nazari ya fito fili a lokacin annobar korona, sa'ad da hanyoyin da suka yaɗa cutar suka zama su ne aka fara rufewa.