Haƙƙin Baƙo a Filin Ƙwallo: Nazari a kan Muhawarar 'Yan Kallo a Zangon Kwatano, 2021 zuwa 2025

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci batutuwa uku da masu sha'awar ƙwallon ƙafa ke ja-in-ja a kansu a unguwar Zango ta birnin Kwatano a ƙasar Binin: filin da ake buga wasa, zaɓen 'yan wasa, da tafiye-tafiyen da siyasa ta shiga cikinsu. An dogara da sakamakon wasanni, da hukunce-hukuncen hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da ayyukan masana a kan zaman Hausawa a zanguna. Maƙalar ta nuna cewa mazauna Zango suna auna batutuwan uku da ma'auni ɗaya, wato haƙƙin da ke tsakanin baƙo da mai masauki.

Gabatarwa

A tarihin wasanni, inda batutuwan nan uku suka fi haɗuwa wuri guda shi ne wasan kurket na 1968. Basil D'Oliveira, haifaffen Cape Town wanda dokar wariyar launin fata ta hana shi wakiltar ƙasarsa, ya ci wa Ingila maki 158 a karawa da Ostireliya, amma aka bar shi a baya lokacin zaɓen tawagar da za ta je Afirka ta Kudu. Masu zaɓen sun ce dalilinsu na wasa ne kawai. Da Tom Cartwright ya janye aka sa sunan D'Oliveira, sai Firaministan Afirka ta Kudu John Vorster ya ce ƙasarsa ba za ta karɓi tawagar ba, tafiyar ta rushe. Kurket ba shi da kasuwa a Kwatano, amma irin wannan tambaya tana nan a ƙwallon ƙafa, kuma 'yan Zango suna da tsohon ma'aunin amsa ta.

Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa fataucin shanu da goro ya tsaya ne a kan maigida: shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Mahdi Adamu a 1978 da Paul Lovejoy a 1980 sun bi sawun wannan tsari a hanyoyin fatake har zuwa Gwanja. Maigidan da ya ci amanar baƙo ba kotu ake kai shi ba. Labari ne ke bin hanya, fatake su daina sauka a gidansa.

Fili

Babban filin wasa na Kwatano, wanda Sin ta gina aka buɗe a 1982 kuma daga baya aka sa masa sunan Janar Mathieu Kérékou, ya karɓi wasan ƙarshe na kofin Confederation a Yulin 2021, inda Raja ta Maroko ta doke JS Kabylie ta Aljeriya 2-1. A Yunin 2022 a nan Nijar ta yi wasanta na gida da Tanzaniya, domin filin Yamai bai samu amincewar CAF ba. Shekara biyu bayan haka sai abin ya juyo kan Binin: ita ma ta koma yin wasanninta na gida a Abijan.

A can ne, ranar 10 ga Yunin 2024, Binin ta doke Najeriya 2-1. Raphael Onyedika ya fara ci, Jodel Dossou ya farke, Steve Mounié ya ƙara. Wanda ya san teburan masu shayi na kusa da babban masallacin Zango bayan sallar isha'i, inda ɗan canji mai sefa a aljihu ɗaya naira a ɗaya ke zaune kusa da mai kayan gwari, ya san yadda ake raba gardamar. Wani zai ce, "Alhaji, nasara nasara ce ko a ina aka same ta." Dattijo ya amsa, "Yaro, wasan gida a gidan wani ai ba wasan gida ba ne." Ra'ayi na biyu ya fi nauyi. Daga Kwatano zuwa Abijan ta mota sai an ratsa Togo da Gana, don haka talakan da ƙungiyar ke wakilta bai ga nasararsa ba sai a talabijin, kuma ƙasar da ba ta iya sauke baƙo a gidanta ta rasa bakin yi wa wani mai masauki ƙorafi.

Zaɓen 'yan wasa

A nan gardamar ba ta da zafi sosai. Gernot Rohr, Bajamushen da ya karɓi Binin a 2023, ya horar da Nijar daga 2012 zuwa 2014, sannan Najeriya daga 2016 zuwa 2021, ƙasashe ukun da dangin 'yan Zango suka bazu a cikinsu. Razak Omotoyossi da Tosin Aiyegun duka a Legas aka haife su, kuma sun sa rigar Binin. Mutanen da kakanninsu suka zo daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ba sa ganin aibu a nan. Abin da suke tambaya shi ne ko ɗan wasa ya riƙe amanar gidan da ya karɓe shi. Ƙa'idar takarda kuwa ta nuna ƙarfinta a 2025, lokacin da FIFA ta ƙwace wa Afirka ta Kudu maki uku saboda sa Teboho Mokoena a wasa da Lesotho alhali yana ƙarƙashin dakatarwa. Hakan ya ɗaga Binin saman rukunin da take ciki tare da Afirka ta Kudu da Najeriya, kafin Najeriya ta lallasa ta 4-0 a Uyo ranar 14 ga Oktoba, Victor Osimhen ya ci uku.

Tafiya

Nan ne ainihin ciwon yake. A Maris na 2021 Binin ta je Freetown neman gurbin gasar Afirka. Dab da fara wasa aka ce gwajin korona ya kama wasu manyan 'yan wasanta. Binin ta ƙi yarda da sakamakon, wasa bai yiwu ba, aka mai da shi Konakiri a watan Yuni, Saliyo ta ci 1-0 da fenaretin Kei Kamara ta tafi gasar.

A Oktoban 2024 aka karkatar da jirgin tawagar Najeriya, Super Eagles, da za ta buga wasa da Libiya, daga Bengazi zuwa filin jirgin Al Abraq, inda 'yan wasa suka kwana a kan kujeru ba abinci, kamar yadda kyaftin William Troost-Ekong ya sanar wa duniya. Libiya ta ce ita ma ba ta ji daɗin tarbar da aka yi mata a Najeriya kwanaki kaɗan kafin nan ba. Najeriya ta ƙi buga wasan ta koma gida, CAF ta ba ta nasara 3-0, ta ci Libiya tarar dala 50,000. Wata guda bayan haka Binin ta je Tiripoli, ta yi canjaras ba ci ta samu gurbin gasar Afirka, sannan Rohr da 'yan wasansa suka ce an far musu bayan an tashi wasa. Wato tarar ba ta kare baƙon da ya biyo baya ba.

Dole a tuna da Togo, maƙwabciyar Binin. Ranar 8 ga Janairun 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar tawagarta wuta a Cabinda ta Angola a kan hanyarta ta zuwa gasar Afirka, aka yi asarar rayuka. Da gwamnatin Togo ta kira 'yan wasanta gida, CAF ta dakatar da ƙasar daga gasa biyu bisa zargin shisshigin siyasa, ko da yake an janye hukuncin cikin watanni. Baƙo ya zubar da jini, kuma shi aka fara hukuntawa.

Ba abin mamaki ba ne wannan batu ya fi taɓa 'yan Zango. Sun ga Najeriya ta rufe iyakar Seme daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sun ga gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya ta tsaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Sun san abin da ake ji idan saɓanin gwamnatoci ya sauka a kan matafiyi. Hausawa na cewa baƙonka annabinka, kuma a tsarin da Cohen ya bayyana, horon mai cin amanar baƙo shi ne a daina sauka wajensa. Abin da ya yi daidai da wannan a ƙwallo shi ne a janye wa ƙasa damar karɓar baƙuncin wasa na wani lokaci. CAF tana iya yin haka, tunda ta hana Binin da Nijar wasa a gida saboda filayensu ba su cika sharuɗɗanta ba. Hukumar da ke rufe fili saboda rashin ingancinsa ba ta da hujjar barin sa a buɗe bayan an wulaƙanta tawagar da ta zo wasa.